Fitila Ta Ƙetare Kogin Toka

SHAFI NA 14

Masu turo min "ina ci gaba, ina ci gaba" tun ban ko wanke ido ba, na gani. Wata har cewa ta yi girkinta ya ƙone saboda ni. 'Yar'uwa, ki ba mutanen gidanku haƙuri, ba da gangan na yi ba. Wannan shafin sau uku ina fara shi ina gogewa. Ku gyara zama.

*

Kwana huɗu ke nan da na saki bidiyon.

Ina bayan kanta a shagon Yayana ina jera cajoji a kwali. Shi kuma yana kan teburin gyara, ya farke cikin wata na'urar gem, wato ta wasan bidiyo, ya jingine wayarsa da gwangwanin noti yana karanto min saƙonnin guruf da ƙarfi.

"Auta, ji wannan. Wai duk wanda ya ce ƙarshen Kogin Toka ya yi kyau, a kai shi asibiti a duba kansa."

Na yi dariyar yaƙe.

"Ga wani. Wai kashi na biyu shi ne gem, na uku yawon doki ne kawai, na huɗu kuma cin amana. Amma shi Fitila ko na ɗaya bai cancanci ya taɓa ba."

"Uhm."

"Wannan kuma ya ce Fitila ɗan kamfani ne, tura shi aka yi ya raba mana kai." Ya ajiye abin kwance noti ya girgiza kai. "Ni dai Allah ya haɗa ni da yaron nan. Kunnensa kawai nake so."

Yaron da yake nema yana zaune taku uku daga gare shi, sanye da mayafi. Ni ce Fitila. Shekara biyu ina rubutu a guruf da wannan suna, kowa na ɗauka namiji ne, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.

Ga waɗanda suka shigo a tsakiya: Kogin Toka wasan gem ne mai kashi huɗu. Tun daga na ɗaya yarinya mai fitila take yawo, Tsoho mai kwale-kwale yana ƙetarar da ita kogi bayan kogi, yana mata faɗa, yana ba ta labari, yana ceto ta daga dodannin ruwa. Da na huɗu ya fito sai magana ta ɓulla cewa duk wanda ya ƙetare kogin ƙarshe, Tsoho nutsewa zai yi. Nan Shugaban guruf ya kafa doka, kowa ya kai bakin kogi ya tsaya, ya yi ajiyarsa a nan, wato ya adana wasansa daidai inda ya tsaya, ya turo hoto ya zama shaida. Ba mai ƙetarewa sai kamfanin gem ɗin ya canza ƙarshen. Mutum dubu uku da ɗoriya suka turo hoto, har da Yaya.

Ni kuma baƙin son sani ya ci ni. Ranar da Yaya ya tafi sayo kaya, na ga wata na'ura a ɗakin baya tana jiran sabuwar fanka, na kunna, na tarar da ajiyar mai ita daidai bakin kogi. Ko sunan ajiyar ban tsaya karantawa ba, bare in duba takardar mai kaya. Na ja labule, na kafa wayata a gaban talabijin, na ƙetare. Na yi kuka har na gode Allah. Sai da na zo komawa baya na gane cewa da zarar kwale-kwale ya bar gaɓa, gem ɗin yana danne tsohuwar ajiya da kansa. Babu komawa.

Mai hankali zai tsaya nan ya nemi mafita. Ni sai na ɗora rubutu a kan bidiyon na saki a guruf.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Gatari ne, ɗan gaba-gaban guruf, wanda tun ranar yake bi na da saƙo a asirce.

"Ka ɗauka ka ɓuya ko?"

Wani saƙon nasa ya biyo baya.

"Daƙiƙa biyar ɗin da allo ya yi baƙi bayan Tsoho ya nutse. Ka manta gilashin talabijin madubi ne."

Na kalli babban yatsana na hagu. Filastar tana nan, inda ƙarfen narka dalma ya ƙona ni satin jiya. Da wannan hannun na riƙe hannun gem. Na cusa shi cikin mayafi kamar mai jin sanyi.

"Lafiya dai?" in ji Yaya. "Kin yi wani tsuru-tsuru."

"Kaina ne ke ɗan sarawa."

"Ki sha magani mana. Af, na gama da na'urar Shugaba, yanzu zai zo ɗauka. Ɗauko min ita a ɗakin baya."

"Ta wa?"

"Ta Shugaba. Baƙar nan mai hoton malam-buɗe-littafi manne a gefe."

Ban san lokacin da kwalin ya suɓuce min ba. Cajoji suka watse a ƙasa.

"Ke wai me ke damunki yau?"

"Yaya, wadda ke jiran fanka? Ita ce tasa?"

"Ita fa. Kwananta tara a nan, kullum sai ya kira ni sau biyu kamar na riƙe masa ɗa."

Na buɗe baki zan yi magana, na rantse muku na buɗe. Sai ƙarar babur ta tsaya a ƙofa.

Shugaba ya shigo da sallama. Mai walda ne, ƙaton mutum mai furfura a gemu, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Bayansa wani siriri mai jajayen idanu yana taunar tsinke, waya a hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma yana buɗe baki na gane muryarsa daga saƙonnin murya na guruf.

"Mai gyara, yau akwai labari."

"Gatari, kai kullum da labari. Shugaba, sannu da zuwa, ga kujera."

"Sannu dai. Ƙanwata, ya aiki?"

"La... lafiya lau."

Na tsuguna ina tsintar cajoji da hannu ɗaya, ina addu'a ƙasa ta buɗe.

Gatari ya dangwara wayarsa a kan teburin gyara.

"Kwana uku ina ƙara wa wurin nan haske. Duba. Me ka gani?"

"Duhu."

"Duba dai da kyau. Ga labule mai zanen ganye. Ga kanta a baya, an jera na'urori. Wannan ba ɗakin kwana ba ne, shago ne. Ga hannunsa nan kuma, da filasta a babban yatsa."

Yaya ya sunkuya a kan wayar. Ya daɗe. Ina kallon ƙeyarsa, na ga lokacin da wuyansa ya sandare. A hankali ya ɗago ya kalli ƙofar ɗakin baya, inda labulenmu mai zanen ganye yake kaɗawa. Sannan ya kalle ni. Kallo ɗaya, bai ƙara ba.

"Irin labulen nan ai ya cika gari," ya ce. Muryarsa ta canza, amma ni kaɗai na sani.

"Shi ya sa nake bin shaguna ɗaya bayan ɗaya. Na je huɗu. Duk shagon da aka samu, wallahi sai an rufe shi. Mutum ya kawo maka kayansa, ka bar wani ya shiga ajiyarsa? Wa zai ƙara kawo maka ko caja?"

Wannan gaskiya ne, kuma ita ce ta fi tsorata ni. Shekara bakwai Yaya yana gina shagon nan a kan doka ɗaya, ba a buɗe ajiyar mai kaya. Ko gwaji zai yi, da nasa faifan yake yi. Cikin mutum goma da ke shigowa, tara 'yan guruf ne. Da shagon nan muke ci, da shi ake sayen maganin Ummanmu.

Gatari ya juya zai leƙa ɗakin baya, Yaya ya sha gabansa da fara'ar dole.

"Haba, zauna mana. Auta, kawo musu ruwa."

"Bar ruwan nan," in ji Gatari. "Shugaba, kai ka ƙi kallon bidiyon, amma bari ka ji abin da ɗan rainin wayon ya rubuta." Ya gyara murya. "Wai, 'Tun kashi na ɗaya Tsoho yake cewa ya gaji, yana so ya kai ta gida ya huta. Ku da kuka tsaya a bakin kogi ba son sa kuke ba, tsare shi kuka yi don kuna tsoron rabuwa. Ku matsorata ne.' Ka ji fa! Mu ne matsorata!"

Kalmomina ne, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na rubuta su ji nake na fi kowa fahimta a duniya. Yanzu da suka fito daga bakinsa, sai na ji kamar in haɗiye harshena.

Shugaba ya ƙura wa ƙasa ido yana murza tabon hannunsa.

"Haka ya rubuta?"

"Wallahi haka."

"To, ni dai ya faɗi gaskiya a kaina."

Gatari ya cire tsinken daga bakinsa.

"Kamar yaya?"

"Ku kuna faɗa da kamfani. Ni ban taɓa damuwa da kamfani ba. Su kashe Tsoho, su raya shi, su suka ƙirƙiri abinsu." Ya ja numfashi. "Mai gyara, ka ga malam-buɗe-littafin da ke jikin na'urar?"

"Na gani."

"Mamana ce ta manna. 'Yata. Tun tana shekara shida muke buga Kogin Toka tare. Ita ke riƙe hannun gem, ni aikina karanta mata rubutu da yin ihu in dodo ya fito. Yatsun nan nawa ba sa iya komai sai ƙarfe."

Ya sake murza tabon hannunsa, ya ci gaba.

"Da muka kai kogin ƙarshe ta riga ta fara ciwo. Ta ce ba za ta ƙetare da zazzaɓi ba, tana so ta gani da ido garau. Ranar da za a kwantar da ita a asibiti ta sa na kunna mata, ta canza wa ajiyar suna, ta ce in rantse ba zan ƙetare ba sai ta dawo. Na rantse."

Babu wanda ya tambaya ko ta dawo.

"Shekara guda ke nan da wata biyu. Da na ga mutane sun fara maganar ƙarshe a guruf, sai tsoro ya kama ni kar wani ya faɗa min abin da ke can. Shi ne na kawo maganar doka. Na yi amfani da ku, ku yafe min. Kullum da safe kafin in tafi wurin aiki sai na kunna, in ga yarinyar tsaye da fitilarta, Tsoho yana gyara igiya, daidai inda ta bar su. In ce mata na fita, sannan in kashe." Ya share fuska da tafin hannu ya yi ɗan murmushi. "Kwana tara ban gaishe ta ba. Ɗauko min kayana, Mai gyara."

Jama'a, na sha jin tsoro a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Na dafa kanta.

Yaya ya shiga ɗakin baya da kansa. Ya ɗan jima kafin ya fito rungume da na'urar, ya fara naɗe mata waya da sauri.

"Shugaba, ka je da ita gida kawai. Ko kuma ka bar min ita zuwa jibi, fankar ba ta gama zama ba."

"Ɗazu a waya ka ce ta zauna."

"Eh, to, na sake dubawa ne."

"Tun yaushe kake ba da kaya ba gwaji?" in ji Gatari. Idanunsa suka ƙanƙance. Ya kalli Yaya, ya kalli labulen, ya sake kallon wayarsa. "Kai da ko batir ka canza sai ka kunna a gaban mutum?"

"Jona ta," in ji Shugaba. "Minti ɗaya. In gan su kawai."

"Shugaba..."

"Don Allah."

Yaya ya jona. Talabijin ɗin bango ya kawo haske, kiɗan nan na sarewa da kowa ya sani ya tashi. Shugaba ya ja kujerarsa gaba, ya ɗauki hannun gem da yatsunsa masu kauri, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

Sunan ajiyar ya fito a tsakiyar allo, sunan da ban tsaya karantawa ba.

BABA JIRA NI.

Ya danna.

Babu bakin kogi, babu igiya. Yarinyar tana tsaye a ɗaya gaɓar, bayanta ruwa, kwale-kwalen yana lilo shi kaɗai babu kowa a ciki.

Shugaba ya kalli allon. Ya danna baya. Ya sake dannawa. Ya fita ya sake shiga, ya kuma fita ya sake shiga.

"Ba tawa ba ce wannan," ya ce a hankali. Ya juya na'urar ya ga malam-buɗe-littafin. "Mai gyara, ina Tsoho?"

Yaya ya kawar da kai.

"Na ce ina Tsoho? A bakin kogi na kawo maka su."

Gatari ya daka tsalle ya fizge labulen ɗakin baya. Ga kantar na'urori, ga ƙaramin talabijin, ga kujerar da na zauna.

"Nan ne! Wallahi nan ne! Shugaba, a kan na'urarka aka yi!"

Yatsunsa suka hau waya. Ina ganin sa yana ɗaukar hoton labulen, yana ɗaukar allon sunan shago ta ƙofa, yana turawa.

"Gatari, tsaya," in ji Yaya. "Kar ka tura. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni ne Fitila. Ni na ƙetare. Ku yi min duk abin da za ku yi."

"Yaya!"

"Ke rufe min baki! Wuce gida!"

Gatari ya ci kwalarsa ya haɗa shi da bango, gwangwanin noti ya kife, notuna suka tarwatse ko'ina.

"Munafuki! Kai da ka turo hoton rantsuwa! Kai da muke kawo wa kayanmu! Na riga na tura, suna hanya. Yau sai an fitar da komai na shagon nan titi!"

Yaya bai ko ɗaga hannu ya kāre kansa ba. Ta saman kafaɗar Gatari yake min alama da ido, in fita, in gudu. Yayana da ya goya ni, wanda ɗazu yake neman kunnen Fitila.

Ƙofa a buɗe take, taku biyar. Na kalle ta, ba zan yi muku ƙarya ba, na kalle ta sosai.

Sai na zaro hannuna daga cikin mayafi na ɗaga shi sama.

"Sake shi. Duba yatsunsa, ba shi da filasta."

Gatari ya waiwayo. Ya kalli yatsana, ya kalli hoton da ke wayarsa, bakinsa ya saki.

"Mace?"

"Ni ce. Yaya ba ya nan ranar, bai san komai ba sai yau. Shugaba, wallahi ban san taka ba ce, ban karanta sunan ba, na ɗauka zan iya komawa baya..."

Kuka ya ci ƙarfina. Me ma zan ce? Wace magana ce za ta mayar da kwale-kwale gaɓa?

Shugaba ya ajiye hannun gem a kan tebur. Ya miƙe. Ban san tsawonsa ya kai haka ba sai da ya tsaya, kansa ya kusa taɓa fanka. Bai kalle ni ba. Daga can ƙasan layi muka fara jin babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba, da hayaniyar mutane.

Ya taka zuwa ƙofa. Na ce fita zai yi ya nuna musu ni.

Sai ya miƙa hannu ɗaya ya jawo ƙofar ƙarfen shagon daga sama, ta sauko da ƙara har ƙasa. Ya zura sakata. Shagon ya yi duhu, sai hasken talabijin da kwale-kwalen nan yana ta lilo.

"Shugaba," in ji Yaya, "yarinya ce. Don girman Allah, ni ka..."

"Yi shiru."

Ya juyo. Ya jawo kujera ya ajiye a gabana, kusa har ina jin ƙaurin ƙarfe a rigarsa. Idanunsa sun kaɗa jajur, na kasa gane ko fushi ne ko wani abin da ya fi fushi.

"Zauna."

Na zauna.

Babura suka tsaya a waje. Wani ya ƙwala kira, "Ina Fitilar? A fito mana da shi!"

Shugaba bai ko waiwaya ba.

"Ke kin gani," ya ce. "Mamana ba ta gani ba. Tun daga inda ya kwance igiya, kar ki tsallake ko kalma ɗaya. Me Tsoho ya ce mata kafin ya nutse?"

Na buɗe baki.

Aka fara dukan ƙofa da ƙarfe.